Malam Salmanu da Turawansa Masu Kunya

Duk Bahaushen da ya je gaishe da Malam Salmanu a benensa na unguwar Minguettes, da wuya ya sauko hannu rabbana. Sai an danƙa masa faifan wasan barkwanci na telebijin ɗin Ingila, an kuma raka shi da wa'azi har bakin ƙofa.

Mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo shi birnin Lyon na Faransa, ya zauna yana gyaran injunan awo a wani ɗakin bincike. Turanci ya je nema a ɗakin karatun unguwa saboda takardun injunan, ya aro faifai ɗaya, shi ke nan ya kamu. Wasannin nasa kuwa ba faɗuwa, ba ihu, ba mai bin wani da taɓarya. Tsoho ne zai zauna a lambu da kofin shayi, rufin ɗakinsa ya rufta, ya ce da alama za a ɗan sha iska. Malam Salmanu ya yi ta dariya har da hawaye. Baƙi su dubi juna. Matarsa Raliatou takan ce, "Ku yi haƙuri, haka muke fama."

"Ku ba ku gane ba," in ji shi. "Mutanen nan kunya gare su kamar mu. Abin da ke ransu ba ya fitowa ta baki."

Ya san abin da yake faɗa, don ciwon na gidansa. Hamdiya ce 'yarsa ta fari, kuma bisa tarbiyyar da ya taso da ita, bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya yabe ta a gaban mutane. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ita kuwa a nan Vénissieux, gefen Lyon, aka haife ta, tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta. Da ta samu gurbin karatu a Paris, abin da ya ce kawai, "To, madalla." Ranar ta gaya wa uwarta, a inda zai ji, cewa in ta tafi ta tafi, tunda ba wanda zai lura. Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya so ya bi ta ɗaki, ƙafa ta ƙi.

Wata Lahadi bayan la'asar ya yi gyaran murya. "Ke, zo ki fassara mini wani wuri, Turancin ya fi ƙarfina." Ƙarya yake, ya haddace wurin kaf.

Ta zauna can ƙarshen kujera tana cin magani. A wasan, wani tsoho ne ya raka 'yarsa tashar jirgin ƙasa. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi ƙorafin kuɗin tikiti, ya duba mata zik ɗin jaka, ya sake dubawa. Jirgi ya tashi, ya ci gaba da bayanin zik shi kaɗai.

Hamdiya ba ta fassara komai ba. Ta daɗe tana kallon uban nata, shi kuma ya ƙura wa telebijin ido kamar an ɗaure masa wuya.

"Papa," ta ce, "wannan tsoho, franchement, tsakani da Allah, ba ɗan Damagaram ba ne?"

"Wataƙila kakansa."

Dariya ta ƙwace mata, ta share ido da bakin mayafi. Ta ce ya ba ta fayafayan duka ta tafi da su Paris.

"A'a," ya ce. "Ɗai-ɗai nake bayarwa. In kin gama, ki kawo da kanki ki amshi wani."

Ta juya ta dubi kantar da yake jera fayafayan. Cike take maƙil, daga ƙasa har kusa da rufi.