Ɗankande, Bagobirin da Ya Tsinci Kaɗe

Da an sallame sallar asuba, Baba Ɗankande yakan naɗe buzunsa ya nufi barga. Dawaki tara ne a turke, kuma ba ya zuba wa ko ɗaya dusa sai ya shafa shi daga wuya har ƙofato yana neman kaska. Wanda ya ƙi taɓa harawar jiya, ranar ba mai hawansa, ko wane ne ya zo. Daga nan sai ya leƙa rijiya, ya leƙa kicin ya ga ko Kadiri kuku ya hura wuta, sannan ya bi ɗakunan baƙi guda shida yana ƙwanƙwasawa a hankali, don masu son hawa su fito tun rana ba ta yi zafi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan zagaye, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye.

Wurin da nake magana a kai shi ne Gidan Dawaki, mil goma sha biyu daga Tamale in ka wuce Kanvili. Mai shi Bature ne, Mista Hadli, tsohon likitan shanu wanda ya ƙi komawa ƙasarsu bayan mun samu mulkin kai. Ya ce sanyin can zai kashe shi. Baƙi suna zuwa daga Kumasi da Akra, Turawa da manyan ma'aikatanmu, su kwana biyu ko uku, su hau doki, su ci zabi, su koma suna ba da labarin sun ga daji. Sunan Hadli ne a jikin allon bakin hanya, amma kowa ya san wanda ke riƙe da gidan. Shi ma Ɗankande baƙo ne, Bagobiri daga Tsibiri, ya biyo masu koren shanu a shekarar 1937, ya ce wata uku zai yi.

Kadiri ya ba ni labarin yadda yake yi da baƙi masu cika baki. In mutum ya zo yana cewa a ba shi ingarman da ya fi kowane zafi, Ɗankande yakan dubi yadda ya riƙe linzami, ya ce to. Sai ya jawo wata tsohuwar goɗiya wadda ko bindiga aka harba ba ta ɗaga kunne, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi hankali da wagga, ta ka da mutum uku." Mutumin ya je ya dawo lafiya yana ta hura hanci. Ba a taɓa jin Ɗankande ya yi dariya a gaban baƙo ba.

Amma ba don goɗiya na ɗauki alƙalami ba. Maganar kaɗanya ce.

A cikin gonar akwai itatuwan kaɗanya sun fi ɗari biyu. Lokacin da sarkin ƙauyen da ke bayan gonar ya ba Hadli filin, Hadli ya ɗauka an ba shi duk abin da ke tsaye a kai. Ɗankande ma haka ya ɗauka. Shi ya kafa shingen waya da hannunsa, ya sa ƙofa, ya sa kwaɗo. Ba wanda ya gaya musu cewa a ƙasar Dagomba ana ba baƙo ƙasa ya noma ko ya yi kiwo, amma kaɗen da ya faɗo na matan gari ne. Da shi suke yin mai, su sayar, su sayi hatsi a watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabuwar dawa ba ta nuna ba.

Damina ta farko, Ɗankande ya fito da safe ya tarar da mata sun ratso ƙarƙashin waya suna tsinta. Ya ɗauko bulalar doki ya yi kansu yana ihu. Duk suka watse, sai guda ɗaya, Mma Sanatu, wadda ita ce babbarsu. Ta ajiye kwandonta ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai Bahaushe, itace nan kai ka shuka shi? Uwana ya tsinta nan, kakana ya tsinta nan. Kai jiya ka zo."

Ya sauke bulalar. Ya ce min bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don ya tuna shi ma da man kaɗe uwarsa ta ciyar da su. Ya je ya yi wa Hadli bayani, Hadli ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi yadda ya gani. Tun daga nan, kowace damina, Ɗankande yakan buɗe ƙofar baya kafin ya shiga barga. Mata talatin ko fiye su shigo suna gaishe shi da Dagbanci, "Dasiba," shi kuma ya amsa "Naa." Iyakar Dagbancinsa ke nan har yau, shekara ashirin da huɗu a ƙasar mutane.

Haka aka tafi har daminar bara. Wata safiya matar wani babban ma'aikaci daga Akra tana kan doki, sai wata mai tsinta ta miƙe tsaye daga cikin ciyawa da kwando a kai. Dokin ya firgita ya zabura, matar ta faɗi ta karye a hannu. Mijin ya yi ta faɗa, ya ce zai sa a rufe gidan. Hadli ya tsorata. Ya kira Ɗankande a gaban Kadiri ya ce, "Daga yau kofa a rufe. Mace ko daya ba shiga."

"Maigida, wagga magana ta yi nauyi," in ji Ɗankande. "Kaɗe yanzu ya fara zuba. A bar su su shigo in baƙi sun sauka."

"Na ce ba shiga. Safe, rana, duka. In ka bude, ka dauki kayanka."

Sau uku yana komawa a kwana uku, amsa ɗaya yake samu. Ɗankande ba shi da gida a Tamale, ba shi da gona, kuma waɗanda ya sani a Tsibiri yawancinsu sun mutu. In ya buɗe ƙofa, ya rasa wurin kwana yana da shekara sittin. In ya rufe, gida talatin za su shiga watan yunwa hannu wofi. Ga samarin ƙauye kuma sun fara wasa adduna za su sare wayar, abin da zai jawo 'yan sanda. Ya je gaban sarki ya durƙusa, Kadiri yana yi masa tafinta, ya roƙi kada kowa ya taɓa waya, kada mace ta ratsa, a ba shi damina ɗaya. Sarki ya tambaye shi me matan za su ci. Ya ce a bar masa wannan.

Washegari ya sa wa ƙofa kwaɗo kamar yadda aka umarce shi. Ya gama da dawaki, ya sallami baƙi, sannan ya ɗauki kwando ya shiga ƙarƙashin kaɗanya ya sunkuya.

Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane girman abin ba. Namiji ba ya tsintar kaɗe. Ko mahaukaci ba ya yi. Makiyayan gonar suka riƙe ciki don dariya, masu wucewa a kan keke suka riƙa tsayawa suna kallo, wani direba ya kai labari Zangon Tamale cewa Bagobiri ya ɗaura zane. 'Yan'uwansa Hausawa suka aiko masa da Alhaji Tahidu mai goro ya ce masa yana zubar musu da mutunci. Ɗankande ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya, ya koma ya ɗauki kwandonsa.

In kwando ya cika, sai ya kai bakin waya ya miƙa ta sama, Mma Sanatu ta karɓa ta raba. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin bai kai ko'ina ba. Abin da mata talatin ke tsinta, tsoho ɗaya ba zai tsinta ba. Kwando huɗu ne a rana, in bayansa ya yarda biyar. Sauran yana ruɓewa a ƙasa, matan suna tsaye a bayan waya suna jin warinsa. Mma Sanatu ta ce masa, "Baba, ka bari. Bayanka zai karye, kuma ba ya isa."

Ya ce, "Na san bai isa. Ni na kafa wayar."

Hadli yana ganinsa daga baranda. Bai hana ba, don ba a karya dokarsa ba. Kadiri ya ce a kwanakin nan maigidan ya daina shan shayinsa a waje.

Rana ta ashirin da shida, Ɗankande ya sa hannun dama cikin busassun ganye, macijiyar nan kasa ta sare shi. Mata sun san wannan haɗari, shi ya sa suke tafiya da sanda suna tona ganye kafin su sa hannu, amma shi bai sani ba, kuma ba wadda ta tuna ta gaya wa namiji. Ya yi ƙara sau ɗaya ya zauna. Matan suna ganinsa, tsakaninsu da shi bai fi taku ashirin ba, ga kuma wani wuri a ƙarƙashin wayar da alade ya tona, wanda ko mai ciki za ta iya ratsawa. Biyu daga cikinsu suka duƙa za su shiga. Ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Kada ku shigo! Na yi wa sarki alkawari!" Sai suka tsaya suna kururuwa har Kadiri ya ji, ya zo da gudu shi da Hadli.

A motar Hadli, Landiroba, aka kai shi asibiti a Tamale. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannun ya kumbura ya ruɓe, sai da aka yanke yatsu uku, sauran biyun kuma suka sandare.

Kwana goma sha biyu yana kwance. Kadiri ya ce kullum da safe matan sukan zo su tsaya a bakin waya, ba mai miƙo musu komai, ramin aladen yana nan, kuma ba wadda ta ratsa. Hadli ya tambayi Kadiri me ya hana su shiga tunda ba mai tsaro. Kadiri ya ce, "Maigida, mutumin da ya tsaya musu yana kwance. Ba za su ba shi kunya ba."

Rana ta goma sha uku Hadli ya je asibiti da makulli a aljihu. Ina wurin, na je duba wani ɗalibina da ke gadon kusa, don haka wannan da idona na gani. Ya tsaya yana juya hularsa, ya ajiye makullin a kan bargo, ya ce, "Dankande, ka bude kofa."

Ɗankande ya dubi makullin, ya dubi hannunsa da ke naɗe. Ya ce, "Maigida, wanga hannu ba ya murɗa makulli kuma. Ka kai wa Sanatu. Kai da kanka."

Baturen ya yi ja har kunne. Ya ɗauki makullin ya fita. Da yamma aka ga Landiroba a ƙofar gidan Mma Sanatu, abin da ba a taɓa gani ba. Yanzu makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, kuma ita ta tsara cewa mata su yi gabas in dawaki sun yi yamma. Daminar bana ba wanda ya faɗi. Ta bara kuwa ta riga ta wuce, an sha wuya a ƙauyen, kuma ba abin da zai mayar da ita.

Baba Ɗankande, kai ne baƙon da ya yi kuskure a ƙasar mutane, ka ji kunya, ka kuma ɗauki shekara goma kana gyarawa. Kai ne ba ka ci amanar wanda ya ɗauke ka aiki ba, ba ka kuma juya wa maƙwabta baya ba, ka zaɓi a yi maka dariya. Na Tsibiri, mai sunkuyawa inda maza ke jin nauyi. Yanzu ba ka iya ɗaura sirdi, shi ya sa za ka ajiye aiki, kuma na ji haushin da ba a yi maka ko taron shan shayi ba. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiyar abin da ya rage.

Mu da muke zaune a garuruwan da ba a nan aka haifi iyayenmu ba, daga Zango har unguwar Bulpiela, ya kamata kafin mu kafa shinge mu tambayi wa ke bi ta wurin. Sarkin ƙauye ya ba Ɗankande fili, matan kuma sun ce su za su yi masa daɓen ɗaki. Duk wanda hanya ta bi da shi, ya tsaya ya gaishe shi. In ya miƙo muku hagu, kada ku ɗauka rashin ladabi ne. Ku karɓa da hannu biyu.