Fallen Kwanon Da Aka Rasa Mai Ɗauka

Da faɗuwar daminar bana aka cika shekara goma sha ɗaya da iska ta ciro fallen kwano daga rufin maƙwabcinmu a Bodinga, ta kashe mini wa. Sunansa Sahabi, kafinta ne, kuma shi ne ɗan farin mahaifiyarmu. Ni Luba, ni ce auta. Aure ya kai ni Shagari inda nake koyarwa a firamare, amma har yau in hadari ya taso na ji kwanon ajinmu ya fara kaɗawa, sai alli ya tsaya mini a hannu, yara su yi ta kallona suna jiran in ƙarasa kalmar da na faro.

Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai san abin da iskar farkon damina take yi wa rufi ba. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka, ita ce ke fara zuwa, ta bi gida-gida tana gwada ƙusa. Inda ta sami sako-sako sai ta shiga ƙarƙashi ta yaye. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa bisa ba sa hana ta komai in ta yi niyya. Gari na wayewa za ka ga kwano a gonaki, a kan darbejiya, wani ma sai an bi shi har hanyar Dingyadi.

Yaya Sahabi ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Duk washegarin iska, sai ya ɗaura wa jaki amalanke ya zagaya yana tsinto kwanon mutane, ya jingine su a zaurenmu, kowa ya zo ya duba nasa. Wanda bai zo ba ya kai masa har gida. Shi ya koya wa unguwarmu yi wa kwano alama da fenti ta ciki, don kada a yi ta musu. Nakan yi masa tsiya cewa ya mayar mana da zaure bola, shi kuma ya ce, "Ke Luba, bakinki ya hi kwano ƙara ran ruwan ƙanƙara." Ba ya barin falle ya daɗe a wurinmu. Cewa yake mai shi yana can ruwa na dukansa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Sama ta yi ja, ya fita ya kwanto awakin Inna daga bayan gida. Bai kai ga turke ba. Waɗanda suka gani sun ce fallen ya taho a kwance, ya same shi a wuya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, don har yau ban iya ba.

Abin da nake son faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Ana cikin zaman makoki, mutanen unguwa suka yi abin da suka saba: duk wanda ya tsinci kwano sai ya kawo zaurenmu ya jingine, ga masu ta'aziyya zaune a gefe. Wani bawan Allah, ban san ko wane ne ba, ya haɗa har da wancan fallen ya kawo. Ruwa ya riga ya wanke shi, sai dai lanƙwasa a kusurwa ɗaya. A hankali kowa ya zo ya ɗauki nasa cikin jin nauyi. Da aka share makoki, saura falle ɗaya a jikin bango.

Ba wanda bai san mai shi ba. Alamar da ke cikinsa irin wadda Baba Altine yake yi wa shanunsa ce, kuma ko ba alama, ga rufin ɗakinsa nan a buɗe, giɓi daidai faɗin falle ɗaya, ana hango shi daga bakin titi. Baba Altine maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni, lungu ɗaya ya raba mu. Shi ya yanka ragon sunan Sahabi. Ya zauna makokin daga farko har ƙarshe a cikin zauren nan, kansa a sunkuye, kwanonsa na jingine a gabansa, bai ɗaga ido ya dube shi ba.

Da wane baki dattijo zai dubi uwar da ta binne ɗa ya ce a ba shi kwanonsa? Ita kuma da wane hannu za ta aika masa, ba tare da ya zama kamar ta ce ga abin da ya kashe mini ɗa ba? Kowa ya tsaya yana yi wa ɗan'uwansa kara. Ni abin da ke ba ni haushi dattawan unguwarmu ne. In akuya ta ci wa mutum dawa, kafin magariba sun taru sun sasanta. Amma falle ɗaya na kwano ya gagare su tsallakar da shi lungu, shekara da shekaru, sai dai in sun zo wucewa su kawar da kai.

Inna ta sa aka shigar da shi ɗakinta, aka jingine bayan gado, ta lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Baba Altine kuma bai sayi wani ya toshe giɓin ba, alhali ba rashi ne ya hana shi ba, mutum ne mai garke. Ya shimfiɗa buhu da zana, ya danne da duwatsu. Kowace damina buhun ya ruɓe, ya sake wani. Matarsa ta yi ta tara ruwa da robobi har Allah ya karɓi ranta. Gaisuwa ba ta yanke tsakanin gidajen biyu ba, tuwon sallah na zuwa yana dawowa, amma ƙafar Inna ba ta sake taka gidansa ba, shi ma ya canza hanyar masallaci.

Na tsani kwanon nan, ba na ɓoyewa. Kwano ba ya yin shiru. Da rana ta take, sai ka ji yana ƙas-ƙas shi kaɗai a bayan gado. In iska ta shigo ta taga, ya ɗauki wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar mutum na gyaran murya kafin ya yi sallama. Sau da yawa ina zaune ina tsefe wa Inna kai zan ji shi, in waiga ƙofa. Na roƙe ta ta bari a jefar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ma sun taɓa jin labarinsa suka zo, ta kore su da muciya. Ba ta taɓa gaya mini dalilin ajiye shi ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunan Sahabi ba. Ɗan fari ne, kuma Inna ta mutanen da ce. Yana raye "wancan" take ce masa, ranar da aka fita da shi ma "wancan" ta ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Bodinga ta yau. Rufi ya zama ado, ga shuɗi, ga kore, ga ja. Kwanon ma yanzu a naɗe ake kawo shi birni kamar tabarma, inji ya warware ya yanka maka tsawon ɗakinka. Na san zai so wannan, don ya sha yin mita a kan yoyon da ke bin mahaɗar falle da falle. Amma na san zai taɓa wani ya girgiza kai. Shi in zai sayi bandir, sai ya ciro falle ya kaɗa ya saurari amonsa, ya duba zanen nan mai kama da ɓawon kifi da ke fitowa a jikin kwanon da aka tsoma cikin narkakken ruwan hana tsatsa. Na yanzu akwai mai kyau, akwai kuma wanda za ka lanƙwasa da yatsa biyu, damina kaɗan ya yi ja. Abin da zai fi ɓata masa rai, yanzu in iska ta yaye maka rufi, kafin ka gama salati wani ya riga ka zuwa gona da kurar turawa, ya kai ma'aunar masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ba mai kawo kwano zauren kowa.

A bazarar da ta wuce ne Bello, ɗan Baba Altine da ke aiki a Sakkwato, ya kawo dogon kwano ya sake wa gidansu rufi. Ran nan na fito daga aji sai na gan shi tsaye a gindin bishiya yana jirana. Tun daga Bodinga ya biyo ni Shagari. Muka gaisa, ya yi ta murza hula a hannu.

"Yaya Luba, Baba ya ƙiya," ya ce. "Mun ruhe ko'ina, ɗaki nai ɗai yar rage. Ya ce ramin ga ba shi ad da ikon ruhe shi ba. Ga tari ya kama shi, ga damana ta taho. In ruwa ya ishe shi hakanan, ban san mi za ya hwaru ba."

Ranar Asabar na tafi gida. Na gaya wa Inna yadda muka yi da Bello, ban rage komai ba, na shirya za mu yi rigima. Ta ci gaba da tsince wake a faifai, ga ido ya yi rauni, da yatsa take gane tsakuwa. Can ta ce, "In na aika mai, cewa za ya yi tuni nika yi mai."

Na ce, "To shi kuma in ya taho ɗauka fa, Inna?"

"Ba ya tahowa. Ni ma ba ni iyawa in ni ta."

Rana ta take, kwanon ya fara ƙas-ƙas ɗinsa a bayan gado. Inna ta ajiye faifan ta karkata kai tana saurare, kamar yau ta fara jin sa. Sai ta tambaye ni, da wancan yana nan, yakan bar kwanon mutane ya shekara a gidan nan? Na ce ko mako ba ya bari. Ta daɗe tana kallon tabarmar da ke lulluɓe da shi, sannan ta ce, "Ashe aiki nai nir riƙe mai."

Washegari da hantsi ta ɗaura mayafi ta ce in kama mata. Jikoki suka taso za su ɗauka, ta hana. Da muka yaye tabarmar sai da na ja baya, don kwanon fari ne tas, tun da aka shigo da shi bai san ruwa ba bai san rana ba, kamar jiya aka kwance shi daga bandir. Ta kama gaba, na kama baya. Duk takun da muka yi sai ya lanƙwashe ya yi ruri, ƙarar ta cika lungun. Mata suka leƙo ta katanga. Mazan da ke zaune a dakali suka miƙe tsaye, ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya miƙo hannu. Lungun da nake tsallakewa a guje ina yarinya, ranar na ga tsawonsa.

Muka sami Baba Altine zaune kan buzu a ƙofar ɗakinsa, ya rame, carbi a hannu. Ta cikin ƙofar ina hango hasken rana yana zubowa ta ruɓaɓɓen buhu a kan gadonsa. Da ya ga abin da muke ɗauke da shi sai ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Inna ta yi sallama, muka jingine kwanon a bangonsa, ta tsaya tana mayar da numfashi.

"Malam Altine, ga kwanonka," ta ce. "Sahabi yab bar shi zaure, bai samu kawowa ba."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ya fito mata a hankali, kamar tana tsoron kada ya fashe. Baba Altine ya ja hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, yana cewa ta gafarta masa. Inna ta ce, "Iska tad ɗauko shi, Malam, ba kai ba. A ruhe ɗakin ga tun ruwa bai zo ba." Ni kam na juya baya na yi kukana, wanda rabona da irinsa tun ranar jana'iza.

Bello ya so a yaye rufin ɗakin duka a sa sabo, tsohon ya ce a mayar da fallensa inda yake kawai. Kafinta ya hau da shi, ramukan ƙusa suka faɗa daidai kan na katako. Bayan 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka, Baba Altine yana ciki a bushe. Tarin bai rabu da shi ba, amma ya koma bin tsohuwar hanyarsa ta masallaci, ta ƙofar gidanmu, yakan tsaya ya ɗaga murya ya gaida Inna.

Na zaci in kwanon ya bar gidanmu zan huta. Ban huta ba. Inda ya jingina ya bar shaci a bango, dogo, tsayin mutum, kuma nakan kama Inna tsaye tana fuskantar wurin. Ta ce mini ɗakin ya yi mata shiru da yawa. Ni ma in na zauna tsefe mata kai, sai in tsinci kaina ina jiran gyaran muryar nan.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sahabi a garin nan, ba shi da yawa. Rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Zarto da gudumarsa sun bi hannun dangi. Rufin da ya buga ana ta yaye su ana sa masu launi, yaran unguwa kuma ba su san dalilin da ya sa ake samun fenti a cikin tsohon kwano ba. Abin da ya rage a fili, wanda kowa ke gani, shi ne fallen nan. Shi ya kashe shi, shi ne kuma kaya na ƙarshe da aka mayar wa mai shi da sunansa. Allah ya jiƙan Sahabi, ya sa ya huta, ya ba shi inuwar da ba ta yoyo.

Sauran kwanon ɗakin Baba Altine duk sun yi ja da tsatsa, shi kaɗai ne fari a tsakiyarsu, in rana ta doke shi har ido yake kashewa. Na san damina za ta yi ta cin sa har wata rana ya saje da 'yan'uwansa, kuma ban san ko fatan ranar nake ko tsoronta ba. Duk Asabar in motar Shagari ta kusa shiga Bodinga, nakan ce wa kaina yau ba zan duba ba. Har yanzu ban taɓa iyawa ba.