Ruwan da Ya Kaltum Ta Aike Ni Ɗebowa a Gigimi

Maiduguri zuwa Damasak

Mun bar unguwarmu Lamisula kafin kiran assalatu, ni da matata Falmata da 'yarmu Yagana. Shekarar da aka sake buɗe boda ce, bayan babban fari. Falmata tana sayar da dabino da kanwa a ƙofar gida, tana son ta saro da kanta. Yagana tana son ganin farin yashin Tal da nake ba su labari. Ni kuwa aikena aka yi.

Mahaifiyata, Ya Kaltum, ta makance. A bakin ƙofa ta miƙo min ƙaramar jarka.

"Modu, ka je kan Bukar ka yi masa addu'a. Ka ɗebo min ruwan da ke kusa da shi. Ni Allah bai nufa na je ba."

Bukar yayana ne. Tare muka yi sana'ar kamun kifi a Gigimi, bakin tafkin Cadi, cikin Nijar. Amai da gudawa ta shiga sansaninmu, ta ɗauke shi, ta bar ni. Ni na haƙa, ni na binne. Tun ba a haifi Yagana ba rabona da garin.

Akori-kura muka hau. Mun sha shayi a Gubio, mun isa Damasak da azahar. Kogin Yobe da ƙafa muka haye, ruwan bai kai gwiwa ba. Ban kawo komai a raina ba.

Difa

Jandarma ya zazzage kayanmu, ya girgiza jarkar.

"Wannan fa?"

"Ruwan Cadi zan ɗebo a Gigimi."

Ya kira ɗan'uwansa, ya faɗa masa da Faransanci, suka yi dariya. Ya ce mu wuce. Mun kwana a rumfar tasha, mun ci tuwon gero da miyar kuka.

Gigimi

Mun shiga da hantsi a wata tsohuwar Landroba. Hancina ne ya fara gaya min. A da tun daga nesa hayaƙin banda ke tarar mutum. Ranar babu.

Mun sauka gidan Malam Kyari, wanda yake sayen kifinmu a da. Yanzu raƙuma yake dillanci. Matarsa ta ja Falmata kasuwa. Akwai dabinon Bilma buhu-buhu, da kanwa, da kantun gishiri, da cuku. Falmata ta yi ciniki har muryarta ta dushe. Da ta tambayi banda, mai rumfa ya ce, "Hajiya, ai ku ya kamata ku kawo mana."

Bayan la'asar na ɗauki jarka, muka nufi inda jiragen ruwa ke tsayawa, mu uku da Malam Kyari. Na san hanyar. Na tsaya inda ƙafata ta saba tsayawa.

Yashi. Tumfafiya. Jirage a kife, awaki na kwance a inuwarsu.

"Baba, to ina tekun naka?" in ji Yagana. Uwarta ta make mata hannu.

Na juya wurin Malam Kyari. "Ina ruwan?"

"Ya tafi."

"Ina?"

"Gabas. Masu raƙumi sun ce sai ka kwana a hanya kafin ka taka laka. Na ɗauka ka sani, Modu."

Na ji ana cewa ya ja baya. Ruwa kullum yana ja baya, ya dawo. Ban san ruwa yana tashi daga gari kamar mutum ba. Na ga yunwa, na ga gawa an jera a tabarma, ban taɓa zama daɓas a ƙasa ba. Ranar na zauna a kan yashin.

Mu masunta ba ma sa dutse a kan kabari. Ruwa ne alamarmu. Na binne Bukar a tudun da ke fuskantar mashigar jirage, inda ruwa ya yi kwana ya zagaye kaba. In da ruwa, ido a rufe zan kai ka. Yanzu babu mashiga, babu kwana, kabar ma an sare. Tudu ko'ina, duk iri ɗaya.

Falmata ce ta duƙa ta ce, "Duba nan." Bawon katantanwa ne fari, ya yi layi a kan yashi, inda bakin ruwa yake a da. Muka bi layin. Ya kai mu tudu uku a jere, sannan yashi ya cinye shi. Na hau kowanne na yi addu'a. Ban san wanne ne ba.

Malam Kyari ya ce, "Cika jarkar a rijiyata. Tsohuwa ba ta gani."

Falmata ta ce, "Ko don hankalinta ya kwanta."

Na ce a'a. Na duƙa na cika jarkar da bawon. Yagana ta taya ni, ba ta ƙara tsokana ba.

Tal

Washegari mun je, don na yi alkawari. Yashin fari ne tas kamar garin rogo, tudu bisa tudu. Yagana ta hau ta gangaro tana ihu, Falmata ta ƙulla kaɗan a bakin gyale za ta nuna wa maƙwabta. Ni na zauna gindin mota. Na ga yashi ya ishe ni.

Gida

Mun biyo hanyar da muka zo, buhunan Falmata a saman mota. Mun shiga Lamisula ana kiran magariba. Ya Kaltum tana kan tabarmarta. Na sa mata jarkar a hannu. Ta girgiza, ta ji ƙara.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan ya tafi, Ya. Abin da ya bari ke nan."

"Bukar fa?"

"Ban gane wurin ba. Tudu uku ne. Na yi addu'a a kan duka."

Ta ajiye jarkar a gabanta. Sannan ta ce Yagana ta kawo ƙwarya. Ta juye bawon a ciki, ta sa aka zuba ruwan randa har ya rufe shi. Ta tsoma hannu ta shafa fuskarta.

"Da ka kawo min ruwan rijiya, da na gane," in ji ta. "Ukun duka akwai 'ya'yan mutane a ciki. Ba a yi asara ba."

Na gode wa Malam Kyari da iyalinsa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ƙwaryar tana ɗakinta har ta rasu.