Sawun Yaya Ummaru a Bakin Zaure

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, Turawa na nan daram a Sakkwato. An kai mu Dundaye, ni da yayana Ummaru, mu taya Kawu korar tsuntsaye daga shinkafa. Aikin ba wuya: ka hau rumfa, ka riƙa jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, ka yi ta ihu har maƙogwaro ya bushe. Hantsi ya ɗaga sai muka ji ruri daga gabas, ga jirgin sama ya yi ƙasa-ƙasa, inuwarsa na gudu a kan fadama. Ni dai na kifa ciki ina salati. Da na ɗago, majaujawar Ummaru ce kaɗai a kan rumfar, shi kuwa ƙeyarsa na hango cikin gonakin mutane yana bin inuwar nan a guje. Bai dawo ba sai la'asar sakaliya, riga a yage, tafin ƙafa cike da ƙaya. Tsuntsaye kam sun sha walima. Kawu ya zane shi, amma Ummaru yana kuka yana ba ni labari wai ya ga mutum zaune cikin abin, da hula har kunne.

Da muka koma gidanmu na Ƙofar Taramniya, Inna ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana tone ƙayoyin da allura. Shi kaɗai ne namijin da ya tsaya mata, waɗanda suka riga shi duk sun koma tun suna goye. Ga shi kuma Allah bai yi shi da zama ba. A aike shi rijiya, a tsinto shi kasuwa. Muna wasan langa, shi yana kan soro yana jefa jiragen da ya ƙera da karan dawa, ni kuma 'yar baƙin naci ina ƙasa ina kwaso masa. Ranar tonon ƙayar nan na ji Inna ta ce wa mahaifinmu, "Malam, in wanga ɗa yat tahi wata rana, mi ka maido min shi?"

Inna 'yar manoman Dundaye ce, kuma ta zo da al'adar gidansu. In mutum zai yi tafiya, sai a bari ya fita, a ɗebi ƙasar sawunsa ta bakin ƙofa a ƙulle a tsumma. Wai muddin ƙasar na gida, ƙafar da ta taka ta sai ta dawo. In ya dawo a kwance ƙullin a mayar da ƙasar inda aka ɗebo. Malam, da yake mai karantarwa ne a zaure, bai son abin ko kaɗan. "Allah ka maido da matahiyi, ba ƙasa ba," haka yake faɗa yana gyara rawani. Inna ta ce gaskiya ne, ta jira ya tafi masallaci, ta ɗebi abinta. Da aka kai Ummaru makarantar kwana, ƙullin nan na cikin tukunyar ƙarƙashin gadonta, ita kuma ba ta da sukuni sai an yi hutu.

Turawa suka tafi, Ummaru ya shiga soja, aka kai shi ƙasar waje ya koyo tuƙin jirgin yaƙi. Unguwa ta cika da murna, ban da Inna. Ranar da ya zo da kakinsa da takalmi mai nauyi, ta dube shi ta ce, "To wanda ka tahiya bisa, ina nika samun sawunai?" Muka fashe da dariya, shi bai yi ba. Na san bai yarda da zancen ƙasar ba, don ya faɗa mini. Amma da ya tashi komawa sai ya tsuguna a bakin zaure ya kwance takalmin, ya taka ƙasa da ƙafa tsirara, ya danna sosai. Tun daga nan bai taɓa fita gidanmu da takalmi a ƙafa ba, ko da direba na jira mutane na kallo.

Aure bai zaunar da shi ba, sai dai ya juyo da ƙiriniyarsa cikin gida. Kowane hutu yana Sakkwato da matarsa Hauwa da yara. Shi ne wankin kayan jariri a bakin rijiya, maƙwabta na leƙe suna cewa Hauwa ta shanye soja. Shi ne ɗora Nana, 'yarsa ta fari, a wuya, ya buɗe hannuwa yana zagaya tsakar gida yana ruri, kaji na watsewa. In yaro ya yi zazzaɓi, Yaya ba ya cin abinci. Ni kuwa kishi nake ji ƙarara, don a da ni ce mai kwaso masa jirage.

Wata shekara ya kawo magina su yi wa zauren Malam daɓen siminti har bakin ƙofa, saboda damina na jiƙa tabarmin ɗalibai. Simintin bai bushe ba aka aiko a kira shi da gaggawa. Aka shimfiɗa katako don wucewa. Inna ta fito da tsummanta, ta tsaya tana dube-dube, babu ƙasar ɗiba ko ta cikin cokali. Yaya ya kalle ta, ya kwance takalmi, ya sauka daga katakon ya dasa ƙafar dama cikin ɗanyen simintin. Magini ya fara mita, ya ba shi haƙuri, sannan ya ce, "Inna, wanga karo ba sai kin ɗiba ba. Na bar miki shi gaba ɗai."

Kafin damina ta fita jirginsa ya faɗi wajen atisaye. Can aka yi masa sutura, ba mu ga ko gawarsa ba. Inna ba ta sake ƙulla ƙasar kowa ba, kullum dai takan share cikin sawun da tafin hannunta. Malam kuwa, har ya bar duniya ban ga ya taka wurin ba, kewayewa yake yi in zai fita masallaci.

Yanzu jirage na wucewa can ƙololuwa, ba inuwa, yara ko ɗaga kai ba sa yi. Ni ce tsohuwar da ke fitowa tsakar gida da sanda in na ji ruri. An yi wa gidan gyara ya fi a ƙirga, na hana a taɓa bakin zauren. Jikokin Nana kan zo su saka ƙafafunsu a ciki su ga wa ya kusa cika shi. Sawun dai ya zauna, mai shi ne bai taɓa iya zama ba.