Karkashi Mai Sanyi a Bakin Randa

Gwaggo na fita ɗaurayo cokali, Hajiya ta turo min kwanon farfesun gabana.

"Maigida, shanye kafin ta dawo."

Na ɗaga kwanon na shanye. Farfesun kayan ciki ne, ya sha citta da masoro, har hancina sai da ya yi ruwa. Gwaggo, ƙanwar Babana, tun daga Ƙofar Wambai ta ɗauko shi a kula. Da ta dawo ta ga kwano wayam sai ta hau hamdala, wai dama ta faɗa, ba abin da yake buɗe bakin mara lafiya irin yaji. Hajiya ta yi ta sa mata albarka, ni kuma ina gefe ina goge baki a ɓoye.

Hajiya kakata ce, ita ta haifi Baba. Tun ina rarrafe take ce min maigida, ni in ce mata amarya, irin wasan jika da kaka. Lokacin da nake ba ku labari an fara yi mata kemo, ruwan maganin ciwon daji da ake ƙara wa mutum a asibiti, a huta 'yan makonni, a sake komawa. Ni nake kai ta, don ni sana'ata a waya take, ko'ina na zauna shago ne. Da gashinta ya zube ba ta damu ba, cewa ta yi dama ɗankwali ya daɗe yana rufa masa asiri. Amai ya zo ya wuce. Mun ɗauka mun ga iyakar abin.

Kun san dubiya a cikin birni. Ba mai shigowa hannu sake, kuma kowa abin buɗe baki yake kawowa. Wannan kunun tsamiya, waccan zoɓo da kanumfari, wani ledar lemo. Hajiya ta karɓa da hannu biyu, ta yaba, ta ce a ajiye mata sai an jima. An jiman nan ni ne, in na ƙoshi kuma yaran gida. Ni a zatona marmari ne kawai ba ta da shi. Har kumatu na yi a jinyar nan.

Ranar komawa asibiti Baba ya ce zai raka mu. Aka ɗora ta a sikeli, aka ɗebi jini. Likita ya duba sakamako ya ce yau ba zai sa mata ruwa ba, ta rame da yawa kuma jininta ya yi ƙasa. A dawo mako mai zuwa. In ba ta farfaɗo ba zai sake ɗagawa, kuma ya faɗa mana ƙarara cewa yawan ɗagawa ciwon yake ba wa dama. Ya tambaye ta ko akwai abin da yake hana ta cin abinci. Ta kalli bango ta ce lafiya lau.

Baba ɗan farinta ne. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take ce masa, ko yana tsaye a gabanta. In ya shigo gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta kau da kai. Mutum mai furfura a gemu, amma har yau kunyarsa take ji kamar jiya ta haife shi.

A hanyar dawowa na tsaya wajen mai goro a Ƙofar Ruwa na sayo mata fari, irin wanda take so, don ta ɗan ji daɗi. Ta karɓa, ta shinshina, ta ƙulle shi a gefen mayafi. Nan jikina ya ba ni. Matar da ko a layin ganin likita sai ta ɓantari goro?

Bayan la'asar na kori yara daga ɗakinta na ce amarya, yau sai kin gaya min. Ta yi ta zille-zille, ta ce ni ja'iri ne, in je in nemi sa'ata. Na ce ba inda za ni. Can dai ta matso bakin taga ta buɗe baki, na haska da fitilar waya. Gefen harshenta duk ya saɓule, cikin kumatu ja wur da fararen gyambuna, leɓen ƙasa ya tsage ta ciki. Ashe ko asuwaki ta daina yi, yatsa kawai take sawa a hankali in za ta yi alwala. Na tuno kunun tsamiyar da wani lokaci take kurɓa a gaban baƙi don kar su ji ba daɗi.

Ta ce kar in kuskura in gaya wa wancan. Na ce don me, ai shi ya kamata ya fara sani.

"A gabansa zan buɗe baki in ce wayyo? Ko ranar da na haife shi ban ce ba."

Na ce to nas ɗin asibiti fa? Ta ce ita wannan 'yar wasu ce, in gaya mata.

Washegari na koma asibitin ni kaɗai da hoton bakin a waya. Nas ɗin ta ce kemo yana yin haka, da mun faɗa tun wuri da ba a kai nan ba. Ta sa likita ya rubuta maganin kurkure baki da wani na shafawa kafin cin abinci. Ta ce a dinga kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi kaɗan, a sayi buroshin yara mai laushi. Ban da yaji, ban da tsami, ban da abu mai zafi ko mai kaushi. Goro ma a haƙura tukuna. Abu mai laushi da sanyi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

Da na karanto wa Hajiya dokokin sai ta ce to me ya rage, iska? Ta ɗan zauna tana murza goron nan a hannu. Sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana yarinya a gidansu na Ƙofar Na'isa, a lissafina wajen shekarun alif ɗari tara da hamsin ke nan, kafin 'yancin kai, ƙyanda ta kama ta, bakinta ya yi irin wannan. Ko ruwa ba ta iya sha. Innarta sai ta kaɗa karkashi ba barkono ba komai, gishiri kaɗan, ta dama tuwon dawa a ciki har ya narke, ta zuba a ƙoƙo, ta ɗora ƙoƙon a kan ruwan randa yana yawo har ya yi sanyi. Sannan ta ɗora ta a cinya tana ba ta da ƙaramin ludayi. Ta ce abin da ta fi tunawa haƙoran Innar ne, jajaye da goro da furen taba irin na matan lokacin, tana sunkuyo da kai tana ce mata haɗiye kawai, kar ki tauna. Karkashi da santsi, kafin baki ya ji zafi ya wuce.

Akwai tsohuwar randa a ƙarƙashin bene da ba mai amfani da ita tun da aka sayi firij. Na jawo ta na wanke na cika, sannan na kaɗa karkashin da kaina. Na gwada firij ɗin da farko, miyar ta daskare ta yi wani iri, ga wuta ba tabbas. Randa ce ta ba da sanyin da bakin yake so.

Saura 'yan dubiya. Hajiya ta ce ba za ta mayar wa kowa da abinci ba, kuma ba ta yarda a yi shelar bakinta ba. Sai na fita tsakar gida lokacin da mata suka cika shi, na gyara murya na ce daga yau na kafa doka, amaryata ba ta cin girkin kowa sai wanda ya bi ta hannuna, kishi nake yi. Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce miji ba cefane sai iko. Hajiya daga ɗaki ta ce ku rabu da shi, haka nake fama. Shi ke nan, duk kwanon da ya shigo wajena yake tsayawa, ba wanda ya ji haushi.

Gwaggo ce kaɗai na ja gefe na gaya wa gaskiya, don karkashina na farko Hajiya cewa ta yi kamar ruwan wanki. Gwaggo ta zauna a kan turmi ta yi hawaye, tana ta maimaita yawan cittar da take zubawa. Daga ranar ita ta karɓi girkin. Ta ƙaro kindirmo sabon kwana wanda bai yi tsami ba, da kunun gyaɗa da aka tace aka bar shi ya huce, da dafaffen ƙwai da take murjewa a cikin miyar don ya riƙe ciki. Cokalin farko Hajiya ta runtse ido. Na biyu ta ce gishiri ya yi kaɗan, muka san an dace.

Baba ba wanda ya ce masa komai, ni dai ban faɗa ba. Amma kullum da safe sai mu ga ƙaramar kula cike da ƙanƙara a bakin ƙofarta, shi kuma ya riga ya fita. Ta ce in gaya wa wancan ya daina wahalar da kansa. Tana faɗa tana tsotsar ƙanƙarar.

Da muka koma asibiti sikeli ya ɗan motsa, jinin ma ya hau. Likita ya ce bai kai yadda yake so ba, amma za a iya sawa. Aka rataya ruwan. Tana kwance ta ce wa nas ɗin ta kalle ni da kyau, wai ta kusa sakina, in tana so ta ɗauka.

Abin da ba mu sani ba shi ne bakin yana dawowa. Duk ruwan da aka sa, bayan 'yan kwanaki sai ya sake fashewa, ko da yake yanzu muna tarar sa da wuri, bai ƙara kaiwa na farkon ba. Akwai sauran ruwa a gaba, kuma jiya ta ture ƙoƙon karkashin ta ce ko a mafarki ba ta son ganinsa, kindirmon ma ya fita ranta. Gwaggo ta gwada kuɓewa ɗanya, ta ci loma kaɗan ta ajiye. Ku da kuka yi jinyar mai irin wannan bakin, me kuka ba shi ya iya haɗiyewa?