Rigar Buhun Yaya Bukar

Duk wanda ya san Yaya Bukar ya san kafin a gan shi ake jin sa. Ƙwaras, ƙwaras, tun daga bakin lungu. Da zarar sanyi ya sauka Haɗeja sai ya ciro rigarsa ta farauta, wadda ba tela ya ɗinka ba: buhun taki daga ciki, ya huda wuya da hannuwa, buhun algarara daga waje, igiyar kaba a ƙugu. Shi ke nan, wai mutum ya shirya.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa ina daga ɗaki ina jin ku a zaure, kowa da nasa labarin buhu, ana ta ƙyaƙyatawa. Ban hana ku ba. Amma ni ce Yagana ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijina ya rasu, tasa matar ma ta riga shi, ni ke gidansa, ni ke dafa masa, ni ke shanya buhun nan. Kuma duk tsawon zaman nan faɗanmu ɗaya ne, ƙirjinsa. Tari yake tun yana da sauran baƙin gashi, ni kuwa na rantse sai na rufe ƙirjin nan da abin kirki kafin ya kashe kansa.

Da yawanku kun ci naman, ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake kamo shi. Yaya ba ya harbi. Sana'ar da mahaifinmu ya taho da ita ce daga bakin tafkin Chadi. Zai zuba ƙorai a ruwan fadama su yi kwanaki suna yawo, har dinya da kirinjijiya su saba da ganinsu. Sannan bayan sallar asuba ya kifa wata ƙwarya mai huji biyu a kansa, ya shiga ruwa iya wuya, ya bi ta cikin ciyawar kacala a hankali har tsakiyar tsuntsayen. Ya cafko ƙafa, ya ja ƙasa, ya fito gaɓa ya yanka. Su kuma tsuntsayen ba sa cika fadama sai lokacin da ruwa ya fi ƙanƙara sanyi. To a nan tsohon nan yake tsayawa, sanye da buhu.

In na yi magana ya ce, "Gana, ba a cikin ruwa ake jin sanyi ba, a fitowa ne." Ni kuwa in ce, "A fitowa ne za a ɗauko min gawarka."

Kafin ya sa buhun, sai ya shafe jikinsa da mai tun daga wuya har idon sawu. Man wa? Nawa mana! Wata rana na ɗora tukunya, na ɗauko kwalba, wayam.

"Yaya, ina man gyaɗar da na bari jiya?"

"Yana nan, Gana."

"Yana ina?"

Ya daki ƙirjinsa. "Kwantar da hankalinki, bai bar gidan ba."

Ran nan miya ba mai muka sha. Ya suɗe kwano ya ce ai ƙamshin man yana tashi daga jikinsa, duk ɗaya ne.

Ɗansa Modu da ke Kano, shi ba ya zuwa, sai dai aike. Wata shekara na sa aka kira shi a waya, na zage shi tas, na ce ubanka zai mutu a ruwa kana can kana shan iskar fanka. Sai ga rigar sanyi an kawo a mota, jibgegiya, ja wur, mai hula a haɗe. Wallahi na ji daɗi. Yaya ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya ce, "Allah ya yi wa Modu albarka," ya rataya a kafaɗa ya fita. Na ce yau dai Allah ya karɓi addu'ata.

Kwana uku ban ga rigar ba. Ran na huɗu na bi ta gonar alkamar maƙwabcinmu Malam Sale, sai ga ta can tsakiyar gona, an tsira mata sanda, hannuwa a buɗe, tana korar tsuntsaye. Na dawo gida na tare shi.

"Yaya, rigar da ɗanka ya aiko ka ba mutum-mutumi?"

"Gwada ta na yi. Kwana uku ko jan-baki ɗaya bai sauka gonar Sale ba. Tsuntsu ɗan mitsitsi ya hango ta daga nesa ya gudu, balle dinya mai wayon tsohuwa irinki?"

"To ka sa ta in ka fito daga ruwan!"

"In bar ta a gaɓa tana ja kamar gobara? Ai sai su tashi gaba ɗaya, su ma gaya wa na fadamar Baturiya."

Haka rigar ta ƙare. Sanda ta sha ɗumi, yayana ya sha sanyi.

Sau ɗaya na wanke buhun. Warin laka da man gyaɗa da jinin tsuntsu ya hana ni zaman tsakar gida, na jiƙa shi da sabulu na dirje har algararar ta yi haske. Ya dawo daga masallaci ya tsaya gaban igiyar shanya.

"Yaushe ya rasu?"

"Wa?"

"Buhuna. Na ga an yi masa wanka."

Wai shekara huɗu yana tara masa launin fadama da warinta, na zo na zubar a kwata. Na ce tsuntsu ba ya jin wari. Ya ce, "Ke kin taɓa zama dinya?" Ya kwashe abinsa ya kai fadama ya binne a laka kwana uku, kuma sati guda a gidan Malam Sale yake cin tuwo. Mutum da furfura!

Ku yi dariya. Ni ma in na tuna wani lokaci sai in ji ta taho min, sai kuma ta koma.

Bara tarin ya kwantar da shi har muka kwana shida a asibiti. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce, "Baba, huhun nan ya gaji. In sanyi ya sake kama shi, ba na iya cewa komai." Yaya ya ce, "Likita, ka taɓa cin dinya?" Likita ya ce a'a. Yaya ya ce, "Shi ya sa." Da sanyin bana ya shigo na ɓoye ƙwaryar farautar a ƙarƙashin gadona. Ya ɗauki ƙwaryar tankaɗena ya huda mata idanu biyu.

Da na ga hana shi ba zai yiwu ba, sai na ce bari in bi ta bayan gida. Ya tafi ta'aziyya garin Malam Madori zai kwana biyu. Na farke matashin kaina, na zazzage audugar, na ɗauko basilla. Na shimfiɗa ta tsakanin buhun ciki da na waje, gaba da baya, mai kauri, musamman saitin ƙirji, na bi na ɗinke. Idona ba ya gani sosai, na soke yatsuna ban san iyaka ba. Ban wanke ba, ban canza launi ba, daga waje buhu yana nan buhunsa. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya? Tun da aka haife ni da auduga ake maganin sanyi.

Da ya dawo ya ɗaga rigar, ya auna nauyinta a hannu. Ya dube ni. Ya dubi yatsuna da na ɗaure da tsumma. Na gyara tsayuwa ina jiran masifa. Bai ce uffan ba. Washegari ya sa abinsa ya fita.

Kai, na yi fahari! Har gidan Malam Sale na shiga na ce wa matarsa, "Yau na ga bayan taurin kan Yaya."

Kwana goma sha ɗaya yana fita da ita. Na ga rigar tana ɗiga a igiya har la'asar, alhali da kafin hantsi ya dushe ta bushe. Na ga leɓensa ya koma toka in ya shigo. Na ga ya fara zama gindin murhu, abin da bai taɓa yi ba. Ni da unguwa ta sani ba abin da ke wuce idona, ni da ke gane kazar wa ta shigo min gida daga sawunta, duk na gani, na ce tsufa ne.

Ran na goma sha biyu masunta ne suka kawo shi a amalanke.

A gadon asibiti, da rana tsaka, zazzaɓin ya ɗan sake shi, ya buɗe ido.

"Gana."

"Na'am, Yaya."

"Audugar nan taki."

"Ta yi ɗumi dai ko?"

"A gida ta yi. A ruwa kuwa sha take kamar raƙumi. Buhu zalla in na fito girgiza ɗaya ya zubar, iska ba ta ratsa shi. Wannan kuwa fadamar nake goyowa a ƙirji har gida."

Na ce, "To me ya hana ka farke ta? Ba ka da wuƙa ne? Kai da ka ba sanda rigar Kano!"

Ya ce, "Ta Modu a kasuwa aka saya. Taki na ga yatsunki." Ya numfasa. "Tun muna yara baki kawai kike ba ni. Sau ɗaya kin ba ni abu ba tare da faɗa ba, sai in sa masa wuƙa?"

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Da ma audugar rimi kika sa, ita ba ta shan ruwa. Amma ke ba kya tambaya."

Na ce, "Kai kuma ba ka faɗa."

Faɗanmu na ƙarshe ke nan. Bayan kwana biyu ya cika.

Modu ya zo, a karon nan da ƙafarsa. Yana ta gaya wa masu gaisuwa taurin kai ne ya kashe Baba, ku kuma kuna gyaɗa kai. Na bar ku a haka har yau, saboda ya fi min sauƙi. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, na sani, ban musa ba. Amma in za a ba da labarin taurin kai a gidan nan, a ba da shi cikakke. Mu biyu ne, kuma ni ce na riƙe basilla.

Masu gaisuwa suna cewa Allah ya sanyaya makwancinsa, nakan amsa a hankali. Tawa addu'ar ita ce, ya Allah, Ka gafarta wa Bukar, Ka yafe wa ƙanwarsa. Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Kai ne Ka san abin da ya dace da jikin bawanKa, ni ban sani ba.