Tashar da ke jikin kalanda

A shekarun nan na sittin muna zaune a unguwar Jarwal a Makka, ni da maigidana da 'ya'ya biyu ƙanana. Aikin hajji ya kawo mu, muka gama muka ƙi komawa, babu ko yankin takarda a hannunmu. Shi yana ga-ruwa, ni ina tuwon sayarwa. Duk wanda askar, wato ɗan sandan can, ya kama ba iƙama, takardar izinin zama, Jidda za a kai shi, daga nan sai jirgin ruwa, kuma ba a tambayar mutum ko ya bar yara a gida. Wannan tsoron da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Dabarata ita ce baƙin mayafi har ƙasa da Larabcin Makka da na goge a bakin maƙwabta. Na daina goyo a waje. Sai dai bakina ba shi da linzami, tun ina yarinya aka san ni da haka.

Kullum bayan azahar nakan kai kwano shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Bahaushe ne haihuwar nan, yana da takardunsa. Matarsa ta iya shinkafa iri-iri, amma miyar kukarta, in ji shi, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sa baki. A bangon shagon akwai kalandar da dillalin rediyo ya ba shi a Jidda, da hoton wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta Japan. Rumfa ce doguwa da agogo, mutane sun yi layi kamar sahun salla, ga wani mai hula da farar safar hannu a bakin ƙofa. Dattijon ya bi wuyan kowa ya ja layi da alƙalami, wai don kada a ce ya rataye hoton mai rai.

Shi ya faɗa mini abin da dillalin ya ce: jirgin ba na gwamnati ba ne, na 'yan kasuwa ne, tashar kuma a bayan gari take. Mutanen nan da safe suke hawa su tafi aiki cikin birni, da yamma su dawo.

"Su dawo, Baba? A ranar?"

"A ranar, 'yar nan. Kullum ta Allah."

Abin ya tsaya mini a rai. Ni da na hau jirgi a Gusau, innata na tsaye tana ɗaga hannu, na ce mata shekara biyu. Ga shi an haura goma. Makka kuwa ko karan dogo ɗaya babu. Sai ya zama ina tsayawa gaban kalandar har dattijon ya juye tuwo, ina jin haushin mutanen nan da ban sani ba.

Ran nan ina tsaye haka, na ji takalmi mai nauyi a bayana. Askar ne, dogo, baƙi, da rediyo a hammata. Ya tsaya daidai bakin ƙofa, shagon kuma ƙofarsa ɗaya. Na tuna na bar yaran wurin maƙwabciya na ce mata yanzu zan dawo, ƙaramar ma ko yaye ta ban yi ba.

Dattijon bai ko dube ni ba. Ya karɓi rediyon, ya kwance bayansa, ya sa ƙusoshin a baki. Na gane nufinsa: in tsaya shiru kamar 'yar gida. Na ƙura wa agogon hoton ido, gumi na bin bayana.

Askar ya matso, ya nuna kalandar da sandarsa, ya tambayi dattijon da Larabci ko mene ne wannan. Dattijon baki cike da ƙusa. Shirun ya yi mini tsawo, sai kawai na ji bakina ya buɗe.

"Tasha ta."

Ba da Larabci ba, ba ma da Hausar kowa ba, da bakinmu na Zamfara tsantsa. Shekara goma ina tsare harshen nan, ya tashi ya kwance mini zani a kasuwa. Ƙusa ɗaya ta faɗo daga bakin dattijon, na ji ta tana gangarawa ƙarƙashin tebur.

Askar ya juyo gaba ɗaya. Ya dubi kwanon tuwon, ya dubi ƙafafuna. Ina ta Inna lillahi a zuci, ina lissafin wa zai ba yarinyar nono. Da ya ce in kawo iƙama, da ban san ko tsugunawa zan yi ko ihu ba.

Sai ya yi ƙasa da murya, da wata karyayyar Hausa ya ce, "Baiwar Allah, nan mahaɗɗa ake faɗi." Ya sauke sandarsa. "Innata ma tasha take cewa. Ɗauki kwanonki."

Ya kauce daga ƙofar. Na fita ba kwano ba godiya. Ban yi gudu ba sai da na sha kwana, daga nan kuwa har gida takalmi a hannu. Na fizge yarinyar daga hannun maƙwabciya na rungume ta ina kuka, maƙwabciyar tana ta tambayata wa ya mutu.

Ban sake taka shagon ba, maigidana ya riƙa kai tuwon. A gida kuma na sa doka: kalmar da duk ke da Larabcinta, da Larabci za a faɗe ta, ko a ɗaka. Wanda ya yi kuskure ya sha ranƙwashi. Dokar ta yi aiki, ba a taɓa tare ɗana ko 'yata a hanya ba.

Bayan shekaru labari ya iso cewa innata ta rasu. Na zaunar da 'yata, ta riga ta zama budurwa, ina ba ta labarin ranar da muka rabu. Na ce kakarta ta raka ni har tasha, ta tsaya tana ɗaga hannu har jirgi ya ɓace. Yarinyar ta saurara da kyau, ta riƙe hannuna, sannan ta tambaye ni da Larabci mene ne tasha.